Baƙin Zare a Fadamar Kaoje

Da sunan Allah nake ci gaba daga inda na tsaya. Wannan babi na shekarar da aka haifi Ummi ne, ɗiyar Bashiru, kuma na san abin da kuke faɗa a kan shekarar nan idan ba na wurin. Kuna cewa na yi fushi da ɗan'uwanku saboda tsofaffin kaset, na rufe shago, na tafi ƙauye na zauna, har aka raɗa wa jikata suna ban taka gidan ba. Na rufe shago, gaskiya ne. Na tafi, gaskiya ne. Ban zo suna ba, wannan ma gaskiya ne. Abin da ke tsakanin waɗannan ne ba ku sani ba, domin ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu zan faɗa, zan kuma bi shi daki-daki yadda ya faru. Kada wanda ya tsallake zuwa ƙarshe.

Farkon maganar tun kafin Shari'a ne. Lokacin ina da shagon gyaran rediyo da sayar da kaset a kasuwar Bagudo, yayana Mamman kuwa, wanda kuke kira Baffa, yana kiɗan gurmi yana yi wa masunta waƙa. Yana da wasu waƙoƙi da ya jera bisa tafiyar gulbi: ya fara daga can iyaka inda Kwara ke shigowa ƙasarmu, ya bi mashigi bayan mashigi yana gaida masuntan kowane wuri, har ya gangara. Ko me za a ba shi ba ya yin ta uku kafin ta biyu. Cewa yake ruwa ba ya tsallake gari. A nan kaɗai halinmu ya zo ɗaya, sauran shi mai raha ne, ni kuwa kun san ni. Wata shekara wani ɗan kasuwa ya kawo mini kaset guda daga Kwatano, irin mai baƙin zare, wanda ya fi jan zaren da muke sayarwa ɗaukar murya nesa ba kusa ba. Na adana shi sai ranar da na shawo kan Yaya ya zo zauren gidanmu bayan azahar. Na share zauren, na kori kaji, na ɗora rikoda a kan kujera, na ce wa mutanen gida kada in ji ko tari. Yaya ya fara. Bai kai tsakiyar waƙar farko ba sai ga daka daga bayan katanga. Uwarku ce ke dakan geron fura, domin ita ba ta ga dalilin da gida zai kwana ba fura saboda gurmi ba. Na yunƙura zan shiga in tsawatar, Yaya ya taka mini bakin riga da ƙafa, hannunsa bai bar tsirkiya ba. Da waƙar ta ƙare na tsayar da rikoda, sai ya ce:

"Zamna, Garba. Bar ta ta yi dakanta. Duk gidan ga ita ɗai ka bin gurmin ga daidai. Kai ko wuya ba ka kaɗawa."

Haka aka ɗauki kaset ɗin, gaba da baya, da dakan a ciki. Na rubuta masa suna na ajiye, ina ganin aikina ya ɓaci.

Da Shari'a ta zo na yi maraba da ita, har yau ban canja ba. Ba wanda ya zo shagona ya tilasta ni. Da hannuna na kwashe kaset ɗin kiɗa duka na zuba a akwatin ƙarfe, na tura ƙarƙashin gado, na cika shago da na wa'azi da na karatun Alƙur'ani. Yaya ma da kansa ya rataye gurminsa ya koma ga tarun kamun kifi, ya ce ya yi rabonsa. Bayan wasu shekaru uwarku ta kwanta ciwo da damina, ba ta tashi ba. Yaya ya bi ta ba da jimawa ba. Ku mata kuna gidajen mazajenku, Bashiru ya yi aure yana sashensa, gida ya yi mini girma. Wata Juma'a bayan la'asar ina neman wani abu a ƙarƙashin gado hannuna ya taɓa akwatin. Na ɗauko mai baƙin zaren, na rufe ƙofa, na sa shi a babbar rikodata mai lasifika biyu, na rage murya. Gurmi ya tashi, muryar Yaya ta hau kansa. Sai can ƙasa, a bayan su duka, na ji taɓarya tana faɗawa turmi. Tana zuwa daidai da kiɗan, ba ta wuce ba ta makara. A waƙa ta uku har ana jin lokacin da take cilla taɓaryar sama ta tafa hannu kafin ta cafe, kuma idan mutum ya riƙe numfashinsa zai ji tana bin amshin da hanci, a hankali, yadda mace ke yi idan ta tabbata ba mai jin ta. Ba ni da hotonta ko ɗaya, ba ta yarda an ɗauke ta ba. Abin da ya rage mini na motsinta a duniya ke nan. Daga ranar nakan saurara jefi-jefi, ranar Juma'a kawai, domin na san sana'ata: duk lokacin da zare ya bi ta kan ƙarfen rikoda yana barin kaɗan daga jikinsa. Ban faɗa muku ba. Namiji irina ba ya tara 'ya'yansa ya ce musu yana rufe ƙofa don ya ji uwarsu tana daka.

Shekarar da nake ba ku labarinta yanar ido ta rufe mini gani, aka kai ni Birnin Kebbi aka yi mini aiki, na zauna jinya a gidan babbarku har damina ta yi nisa. A bayana rufin ɗakina ya yi yoyo, ruwa ya kwanta a ƙasa. Bashiru ya kwashe kayan, ya ga akwatin ya fara tsatsa, ya tsorata kada abin da ke ciki ya lalace. Lokacin an fara yayin wayoyi masu memori. Ya kai akwatin wani shago, aka juye kaset ɗin duka a cikin abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba, ya sayi waya sabuwa ya sa a ciki. Ku rubuta wannan a zukatanku: alheri ya yi nufi. Ranar da na dawo, bayan an watse daga sannu da zuwa, ya durƙusa ya miƙo mini wayar da hannu biyu, fuskarsa cike da murna.

"Baba, ga akwatinka duka a nan. Ba tsatsa, ba ɓera, ba zare ya naɗe. Har na Baffa yana ciki."

Ya danna. Abu na farko, waƙa ta biyar ce ta fara fitowa, daga ita ta faɗa cikin waƙar wani makaɗi dabam. Na ce ya nemo mini ta uku, ya nemo. Muryar Yaya ce, ba shakka, amma kamar yana waƙa daga cikin gwangwani, gurmin kuma yana wani tsatsa-tsatsa kamar ana suya a ɗakin maƙwabta. Na kara a kunnen dama, na mayar na hagu. Na sa ya jona wayar da babbar rikodata, ko ƙaramar lasifikar ce ta gaza. Murya ta ƙaru, amma bayan Yaya babu kowa. An share wurin tas.

"Akwai abin da babu," na ce.

"Baba, duk suna nan, na duba da kaina. Wace waƙa ce babu?"

"Ba waƙa ba."

"To mene ne? Ni dai ban ji abin da ya ɓace ba. Ko kunnen ne, Baba? Ka san an ce ido da kunne hanyarsu ɗaya."

Na tambaye shi ina kaset ɗin. Ya ce ai tunda an juye ba su da sauran amfani, kuma mutane na iya magana a ce mai jan salla idan liman ba ya nan yana ɓoye da akwatin kiɗa. Inna Hassi, matar marigayi Baffanku, ta zo daga wajen Kaoje tana cigiyar tsofaffin kaset, ya juye mata su a buhu. Na san abin da manoman shinkafa ke yi da kaset. Zaren suke zarewa su ɗaura a kan turaku su ratsa gona da shi, yana walƙiya a rana yana kuka a iska, tsuntsu ya ji tsoro ya ƙi sauka. Ban ɗaga murya ba, ban zage shi ba, wanda ya ce na zage shi ya faɗi abin da bai ji ba. Washegari da na idar da sallar asuba na sa fankon kaset, da biro, da reza, da salatif a aljihu, na rufe shago, na hau mota.

Ruwa ya cinye hanya a wurare, sai da na ƙarasa da jirgi. Na iske Hassi zaune a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo. Duk duniya ita kaɗai ke yi mini wasa, don ni ƙanin mijinta ne, kuma tsufa bai rage mata komai ba.

"A'a! Maraba da angona! An gyara idon, ka zaka ka gani ko na tsuhwa?"

"Yaya Hassi, ina zaren?"

"Ko gaisuwa babu? Wanga mutum, tun kana yaro haka kake, awa wanda anka aiko karɓar haraji. Zamna ka sha ruwa."

Na zauna, na sha, na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na sake tambaya. Ta ce ta raba buhun ga maƙwabtan da suka taimake ta dashe, ita ta ɗauki guda ɗaya tak, wanda ya fi duka ƙyalli, ya kuma isar mata domin gonar ba ta da girma. Ta dafa sanda muka tafi. Tun daga nesa na gan shi. Gonakin mutane duk jan zare ne ke rawa a kansu, tata kuwa baƙi ne, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, daga wannan turke zuwa wancan, a kan shinkafar da ta fid da kai ƙwayarta tana ruwa-ruwa kamar nono. Iska na bugunsa yana wani siririn kuka. Na tsaya a kan kunyar gona na kasa gaba na kasa baya. Rana tana cin zaren kaset kamar yadda gara ke cin itace, kuma ya riga ya kwana biyu a waje.

"Zan cire shi," na ce.

"Ka cire mi? Garba, dubi sama." Ta nuna gabas da sanda, inda tsuntsayen jan-baki ke juyawa kamar hayaƙi. "Shinkahwar ga ita ta cimata har baɗi. Ba ni da ɗa namiji gida, ba ni da ƙahwa. Kowa na tsaron tashi gona."

"Zan kawo miki wasu daga shago."

"Na shagonka? Ayar Allah za ka shanya ma tsuntsu shi yi kashi bisa? Kai da ka jan salla?"

Ta yi gaskiya. Babu kaset ko ɗaya a shagona da zan iya zarewa in ratsa gona da shi, kuma a lokacin tsuntsu ba a samun tsohon kaset ko a bola. Ta dube ni ta daɗe, wasan ya bar fuskarta. Ita ta san abin da aka ɗauka a zauren nan, tana cikin gidan ranar.

"Ba don gurmin yayanka ba ne, ko?"

Na mayar da idona kan zaren.

"To ji nan. In ka ɗebe zaren ga, kai ka zama zare. Ka zamna rumhwa ka kori tsuntsu har a yanke. Ka yarda?"

Na ce na yarda. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Na tambaye ta inda ta fara ɗaurawa, ta ce daga turken da ke gindin kanya. Daga nan na fara kwancewa. Ta tsinka zaren a wurare da yawa don ta ƙulla, saboda haka kowane guntu na kwance sai in naɗe shi a kara in soke a ƙasa bisa jeri, kada na baya ya shiga gaban na gaba. Wasu wuraren sun murɗe kamar igiya, wasu tsuntsu ya ɓata, wasu rana ta sa sun yi fari-fari. Na gama kafin magariba, gona ta koma tsirara, na hau rumfar tsaro.

Wanda bai yi tsaron tsuntsu ba bai san tsawon yini ba. Kafin gari ya gama wayewa suna nan, sai rana ta take su tafi inuwa, da la'asar su dawo da yunwar da ta fi ta safe. Ina da majajjawa da curin laka, da igiya mai gwangwanaye da nake ja, da muryata. Ni da ban taɓa ɗaga murya a kasuwa ba, na koyi ihu har maƙogwaro ya dushe. Masu tsaron sauran gonaki suna can nesa, kowa a rumfarsa, ana ganin juna ba a jin juna. Hassi takan aiko mini da tuwo, wani lokaci ta dafo sanda ta kawo da kanta ta ce ta zo ganin ko dodon gonarta na nan. In ban da wannan, ni ne da ruwa da sauro da sama. Da tsakar rana, idan tsuntsu ya tafi, sai in shimfiɗa rigata in ɗauko guntayen zaren. In goge kowanne da auduga, in miƙar da murɗaɗɗen a kan gwiwata, in yanke bakin da reza, in haɗa da siririn salatif ta baya, in naɗe cikin fanko da biro. Sabon idon yana ruwa. Ban san ko akwai sauran murya a jikinsa ba. Ban zo da rikoda ba da gangan, domin zaren da ya sha wannan wahala mai yiwuwa sau ɗaya zai yarda ya bi ta kan ƙarfe, ban kuwa so wannan sau ɗayan ya tafi a iska.

Ina cikin haka wata la'asar na hango mutum yana tahowa a kan kunya, ya naɗe wando har gwiwa. Bashiru ne. Ya tsaya a ƙarƙashin rumfa ya gaishe ni, ya dubi ƙafafuna da suka tsattsage, ya kau da kai.

"Baba, an sauka lafiya. Mace ce. Jibi suna. Na zo in tafi da kai."

Na yi hamdala, na yi wa jaririya addu'a, na tambayi lafiyar uwar. Sannan na ce ba zan iya barin gonar ba. Zuwa da dawowa a wannan ruwa zai ci safiya biyu, kuma a makon nan na ga abin da safiya ɗaya ke yi: maƙwabcinmu ya tafi jana'iza, kafin ya dawo gonarsa ta koma kara tsaye. Bashiru ya ce zai nemi wanda zai tsaya. Na ce ya nema. Ya zaga ƙauyen har magariba bai samu ba, kowane hannu yana kan igiyar gwangwaninsa. Ya dawo ya tsaya inda ya tsaya da farko.

"Baba, sunan Inna, mahaifiyata, zan sa mata. Kai nake so ka raɗa."

"Allah ya raya ta. Bari liman ya raɗa. Na yi wa Innarku Hassi alkawari."

"Saboda zare, Baba? Waƙoƙin nan suna cikin waya, ko ɗaya ba ta ɓace ba. In laifi na yi ka faɗa mini in ba ka haƙuri gaban mutane."

"Ba ka yi laifi ba."

"To mene ne a cikin zaren nan?"

Na buɗe baki. Amma a ranar ni kaina ban san ko akwai wani abu a cikinsa ba. In na ce masa uwarka ce, sannan aka sa aka ji shuru, na kashe masa ita sau biyu, kuma na ɗora masa nauyin da ba zai sauke ba har ya mutu, cewa da hannunsa ya zuba ta a buhu. Na gwammace ya ɗauke ni mai taurin kai. Na ce masa dare na yi, ya kama hanya kada jirgi ya tashi. Ya juya. Ina kallon bayansa har ya shige cikin dogayen ciyayi, sannan tsuntsayen ƙarshe suka taso na ja igiya. Ranar suna da safe, daidai lokacin da na san ana rabon goro a ƙofar gidana, ina tsaye ni kaɗai ina wa jan-baki ihu.

Aka yanke shinkafa, Hassi ta cika rumbunta, ta ce in sake zuwa baɗi don na fi zare amfani. Ban biya gida ba. Na ji labarin wani mutumin Dandi a Segbana, cikin ƙasar Benin, mai suna Isiyaku, wanda ke juye tsofaffin kaset da kwamfuta, na bi ta Tsamiya na tsallaka a kan babur. Shagonsa ƙarami ne amma a share, kowace waya a naɗe a ƙusarta, wannan ya kwantar mini da hankali. Ya juya kaset ɗin a hannu ya ga ɗaurin salatif, ya dube ni.

"Baba, wannan yaƙi ya je?"

"Noma ya je."

Na ba shi labarin wayar, na tambaye shi dalilin da abu zai kasance a kaset ya ɓace a memori. Ya ce juyewa iri biyu ce. Akwai wadda ake matse sauti don waƙoƙi masu yawa su shiga ƙaramin wuri, kuma wajen matsewar na'ura tana zubar da abin da take ganin kunne ba zai kula da shi ba, musamman ƙaramin sauti da ke ƙarƙashin babba. In an matse da sauƙi kaɗan ke zuba, in an matse da ƙarfi don akwati guda ya shiga farce ɗaya, da yawa ke zuba, kuma abin da ya zuba ba ya dawowa. Sabbin waƙoƙi, in ji shi, da ƙarfi ake yin su, kowa a gaba yake, ba su cika jin ciwo ba. Na da kuwa a ɗaki ɗaya aka ɗauke su, da ɗakin da duk wanda ke kusa da ɗakin. Sai kuma ɗaya juyewar, wadda ba a zubar da komai, amma kaset ɗaya sai ya cinye wurin da ɗari za su zauna. Na zauna ina juya maganar nan ta ƙaramin sauti a ƙarƙashin babba. Uwarku haka ta yi zamanta a gidana.

"Ta biyun nake so," na ce. "Kada ka yanka shi waƙa-waƙa. Kada ka cire shurun da ke tsakani."

"Tsakin zaren fa? Ina iya wanke shi ya fita fes."

"Kada ka wanke komai."

Ya goge kan rikodarsa da auduga, ya sa kaset, ya danna, muka yi shiru. Tsaki ya fara fitowa. Sai gurmi, yana rawa kamar mai zazzaɓi, ya nutse, ya taso. Waƙar farko rabinta rana ta cinye. Ta biyu tana zuwa tana ɓacewa. Duk inda na ɗaura salatif sai an ji ɗan tuntuɓe, ni kuwa zuciyata ta tsaya har ya wuce. Aka shiga ta uku. Muryar Yaya ta daidaita, kamar jirgin da ya fita daga tsauri ya hau ruwa mai zurfi. Sai taɓarya ta faɗa turmi. Ta sake faɗawa. Aka cilla ta sama, aka tafa, aka cafe. Isiyaku yana duban kwamfutarsa, ni kuma na juya fuskata wajen bango ina gyara hula har waƙar ta ƙare. Zaren ya kai ƙarshen gefen farko, aka juya, ya yi nisa a na biyu, sannan ya tsinke a wurin da ba ya ɗauruwa. Waƙoƙin mashigan ƙasa sun tafi ke nan. Abin da ya tsira ya juye mini a faifan sidi biyu, iri ɗaya, ya ce in raba musu wurin kwana.

Na dawo gida na iske abokan cinikina sun saba da wani shago, Bashiru kuma ya nemi aiki a Birnin Kebbi ya kwashe iyalinsa. Bai yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya. Yana aike, yana zuwa da salla, yana durƙusawa ya gaishe ni a zaure. Amma bai ƙara shiga ɗakina ba, ni kuma ban iya kiran mutum in ce zo ka ji ba. Shekaru suka bi juna a haka. Wani lokaci ina sauraro ni kaɗai sai maganarsa ta dawo mini, in ce ko dai kunnen ne, ko ni nake sa dakan a ciki don ina son in ji shi. Isiyaku bai ce ya ji ba. Hassi ta rasu ban kai mata ta saurara ba.

Sallar layya da ta wuce ta faɗo ranar Juma'a. Bayan la'asar gida ya cika da hayaniyar suya, na shiga ɗaki na tura ƙofa na sa faifan, a hankali yadda na saba. Ban san Ummi ta biyo ni ba sai da na ji ta zauna a bakin tabarma, da tsokar nama a hannu. Ba ta san Baffa ba, ba ta san gurmi ba, ba wanda ya taɓa gaya mata komai. Na ce in za ta zauna ta zauna shiru, ba a magana sai an gama. Ta daure har waƙa ta uku. Sai ta daina tauna, ta karkata kai, ta dubi katanga.

"Kaka, wa ke daka?"

Na ce mata mai sunanta ce.

Faifai ɗaya yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, ɗayan yana wurin babbarku a naɗe cikin farin ƙyalle, ba ta san ko mene ne ba sai yau. In za ku juye, ku juye shi cikakke, ko da shi kaɗai zai cika abin da kuka zuba shi. Kada a matse shi, kada a wanke shi, kada a yanka. Inda murya ta nutse a bar ta, ranar Kaoje ce ta taɓa wurin. A saurara da lasifika mai kyau, a ɗaki mai shiru, daga farko.

Bashiru, kai ka tambaye ni a ƙarƙashin rumfa, ban ba ka amsa ba. Ga ta nan na ba ka. Ranar Juma'a bayan la'asar ina ɗaki, kuma na daina sa sakata.